Yadda ake haɗa ma kajin buroila zogale, tafarnuwa, citta da kurkum ba tare da an jawo asara ba

Tunda kuɗin maganin kaji ya tashi, buhun abinci kuma ya zama abinda ya zama, kusan duk mai kiwon buroila a garin nan namu na Katsina ya koma neman haɗin gargajiya, wannan ya ce zogale, waccan ta ce tafarnuwa da citta, wani kuma ya ce ai ganyen bedi, wato darbejiya, kaɗai ya isa, ka jiƙa ka ba su ba ruwanka da Lasota, wato rigakafin cutar Nukasil, ba ruwanka da rigakafin cutar Gumboro. Wannan maganar ta ƙarshe ita ke tada mani hankali wallahi, don da ita ake kashe ma mutane jari, musamman iyayenmu mata da ke zuba guda 50 ko 100 a gida don azumi ko sallah. Ni ina amfani da waɗannan itatuwa kuma ina son a yi amfani da su, amma da awo, da lokaci, kuma mutum ya san abinda suke iyawa da abinda ba su iyawa.

Aikin su a jikin kaza a hanji yake. Buroila kaza ce da aka tsara ta ta ci ta yi nama cikin sati 6, irin su Cobb 500 da Ross 308 da Arbor Acres da ake kawo mana daga wajen Ibadan, ɗan tsako mai nauyin giram 40 zuwa 45 ya koma kilo 2 da wani abu cikin kwana 42, to duk abinda ya taɓa hanjin ta ya taɓa kuɗin ka. Tafarnuwa tana da sinadarin alisin da ke rage ma miyagun ƙwayoyin cuta ƙarfi a ciki, citta na buɗe ciki tana taimaka ma narkewar abinci, kurkum na taimaka ma hanta da fitar ruwan matsarmama wanda da shi ake narkar da maiƙo, zogale kuma busasshen ganyen shi na da furotin wajen kashi 25 cikin 100 ko sama da haka, ga bitamin ga sinadarin da ke sa fata da ƙafa su yi ruwan ɗorawa. Su Turawa da kansu sun koma kan wannan binciken ne sosai bayan Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik cikin abincin dabbobi don ƙara girma a 2006, sannan a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina ɗura ma lafiyayyun dabbobi antibayotik haka kawai, saboda ƙwayoyin cuta na sabawa da maganin, ranar da ɗan Adam ya kwanta a ba shi ya ƙi ci. An yi gwaje-gwaje da yawa har a jami'o'in mu na nan gida, wasu sun ga ƙarin nauyi da raguwar mace-mace, wasu kau ba su ga wani bambanci ba. To ka ɗauke su kamar yaji a tuwo, yana ƙara ma ci armashi amma ba shi zama tuwon. Abinci mai kyau, ruwa mai tsabta, busasshen ɗaki da rigakafi, su ne tuwon.

Mataki na farko: ka sayi sikeli

Kafin ka sayi ko ganye ɗaya, nemi ƙaramin sikelin kicin mai batir wanda ke auna giram, irin na masu yin kek, sannan da na rataye ko na tebur wanda zaka riƙa auna kaji. Cokali da gwangwani da "ɗan dunƙule" ba awo ba ne, garin zogale ba shi da nauyi, garin kurkum na da nauyi, cokali ɗaya na wannan ba daidai yake da cokali ɗaya na wancan ba. Lissafin da zaka riƙe a kai guda ne kawai, a buhun abinci mai kilo 25, kashi 1 cikin 100 shi ne giram 250, rabin shi giram 125, kashi 2 kuma giram 500 wato rabin kilo. Duk awon da ke ƙasa a kan wannan buhun aka gina shi.

Na biyu: sayen kaya da busarwa

Nan mutane suka fi yin sakaci kuma nan cuta ke shigowa.

Zogale dai in kana da shi a gida ko a lambu ya fi, a yanko da safe, a zage ganyen daga jikin karan, a wanke a tsane, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, kan tabarma ko buhu mai tsabta, kada a tara shi da kauri, a riƙa juyawa. Rana kai tsaye na ƙona bitamin ɗin, zaka ga ganyen ya koma ruwan ƙasa, wanda ya bushe daidai kore shar yake zama kuma yana murmushewa in ka murza. Lokacin hunturu ko bazara cikin 'yan kwanaki ya bushe ƙarau, amma da damina, musamman watan Agusta, a yi hattara ƙwarai don yana iya yin funfuna kafin ya bushe, kuma ganye mai funfuna guba ne ga buroila, hanta yake ci. In ka shinshina ka ji warin ruɓa ko ka ga fari-fari a jiki, zubar, kada ka ji ƙyashin kuɗin.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne wurin shanyar. Gidajen mu da yawa akwai kajin Hausa, akwai zabi, akwai tantabaru a saman soro, in ka shanya ganye a tsakar gida suka bi ta kai suka yi kashi, to ka ɗauki cutar da su ba ta kayar da su ka niƙe ta da hannun ka ka kai ma buroila har cikin fida, wato mazubin abincin su. Hajiya dan Allah ki shanya a ɗakin da kaza ba ta shiga, ko ki rufa raga a sama. In kuma a kasuwa za a saya, ko Santiral ko 'Yar Kutungu ko kasuwannin ƙauye, ɗanyen busasshe ake so, ba wanda aka dafa don kwaɗo aka sake busarwa ba, don wancan rabin amfanin ya tafi a ruwan dahuwa. A tankaɗe a fidda yashi da tsinke, a daka ko a kai niƙa, a sake tankaɗewa da rariya mai laushi.

Kurkum da citta ka sayi gudajin su busassu ka niƙa da kanka. Garin da ake ƙullawa a leda ba ka san me aka haɗa ba, wani da garin masara da kala a ciki. Citta dai yawancin ta daga kudancin Kaduna take zuwa mana, wajen Kaciya da Kafanchan, kuma bayan cutar da ta faɗa ma gonakin citta can a 2023 kuɗin ta ya hau sosai, don haka in ta yi maka tsada ba dole ba ce, tafarnuwa da kurkum sun isa. Tafarnuwa ka zaɓi mai tauri wadda ba ta fara tsiro ko bushewa ta zama fanko ba. In injin unguwa zaka kai, ka roƙi mai injin ya fara wanke shi da ɗan tsakin masara, don kada ragowar barkono ya bi. Kowane gari a zuba a roba mai murfi daban, a ajiye inda ba rana ba laima, kuma kada ka niƙa wanda ya wuce na zubi ɗaya ko biyu, ƙamshin na tafiya kuma ƙarfin na tare da ƙamshin.

Na ukku: satin farko a ƙyale su

Daga ranar da 'yan tsaki suka iso har kwana 7 ni ba na son a sa masu komi na gargajiya. Sun sha doguwar tafiya cikin kwali daga kudu, hanjin su bai gama ƙwari ba, abinda suke buƙata ɗumi ne da ruwa da sitata mai kyau, wato abincin farko na 'yan tsaki. A fara ba su ruwa mai gulukos da bitamin, a sa abinci a faranti ko kan takarda inda zasu gani, zafin wurin ya kasance wajen digiri 32 zuwa 34 a satin farko sannan a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk sati. Cikin sanyin Disamba da Janairu gawayi ko kwan fitila ba fashi da dare, amma a bar ƙofar iska don hayaƙin gawayi na kashe su. Washegarin zuwan su ka ɗauki kamar guda 10 ka taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyan su, in ka ji ta cika da laushi to sun samu abinci da ruwa. Ranar kwana 7 ka auna su, ɗan tsakon da ya tashi lafiya ya kamata ya ninka nauyin zuwan shi sau 4 ko fiye. In bai kai ba, matsalar ɗumi ce ko abinci ko cunkoso, ka gyara wannan tukuna, babu zogalen da zai gyara maka shi.

Na huɗu: raba garken biyu

Wannan shi ne matakin da na fi so kowa ya yi ko da sau ɗaya ne, don shi zai raba ka da ji-ta-ji-ta. Ranar kwana 8 ka raba kajin gida biyu daidai, in 100 ne 50 nan 50 can, da raga ko falanki a tsakiya, kada ka zaɓi manya ka tara gefe guda, ka kama kawai duk wadda ta zo hannu ɗaya nan ɗaya can. Ka auna kowane ɓangare ka tabbatar nauyin su ya yi kusa. Ɗaki ɗaya, abinci iri ɗaya, yawan fida da dirinka (mazubin ruwa) ɗaya, rigakafi rana ɗaya, bambancin kawai ɓangare guda na samun haɗin ɗayan ba shi samu. Ka samu littafi irin na 'yan makaranta ka riƙa rubuta abincin da kowane ɓangare ya ci, wadda ta mutu da ranar da ta mutu, da nauyin su duk sati. Ba tare da wannan ba, in kaji suka yi kyau zaka ce haɗi ne alhali ƙila 'yan tsakin ne masu kyau ko yanayi ne ya yi daɗi, in suka lalace kuma ka ɗora ma haɗin laifin da ba nashi ba.

Na biyar: awon da ake zubawa a abinci

Daga kwana 8 zuwa 21, a buhun sitata mai kilo 25 ka sa garin zogale giram 250 da garin kurkum giram 60 zuwa 125. Shi kenan. Ka fara da rabin wannan awon kwana biyu don bakin su ya saba, sannan ka cika.

Daga kwana 22 har zuwa satin ƙarshe, lokacin da aka koma finisha, wato abincin manyan kaji, zogale na iya hawa giram 500, kurkum giram 125, sai ka zaɓi ɗaya tsakanin garin citta ko garin tafarnuwa giram 125. In kana son habbatus sauda, niƙaƙƙiya giram 125 zuwa 250 a buhu, amma sai ta maye gurbin ɗaya daga cikin waɗancan, kada a tara duka. Ɗan masoro kamar giram 10 zuwa 15 a buhu na taimaka ma jiki ya tsotsi sinadarin kurkum, don shi kaɗai ba ya shiga jiki sosai.

Mutane na tambaya, tunda zogale na da furotin kuma kusan kyauta ne me zai hana a zuba da yawa a rage kuɗin abinci? Dalili shi ne ganye ne, yana da ƙaiƙayi da hanjin kaza ba ya iya narkarwa da yawa, ƙarfin kuzarin shi bai kai na masara ba, kuma akwai sinadarai masu ɗaci da bauri a ciki da ke hana jiki amfana da wani ɓangaren abincin. Gwaje-gwaje da dama sun nuna in ya wuce wajen kashi 5 cikin 100 girman buroila ja baya yake yi. Shi abincin kamfani an riga an auna shi, sitata furotin wajen kashi 22, finisha wajen 18 zuwa 20, duk abinda ka ƙara kana tsinka shi ne, shi ya sa nake son duk haɗin gaba ɗaya kada ya wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na buhu, wato kada ya haura kilo ɗaya.

Yadda ake gaurayawa ma aiki ne. Kada ka juye giram 125 cikin buhu guda ka ce ka motsa da hannu, wasu kaji zasu ci da yawa wasu ko ɗanɗano ba su samu ba. Ka fara haɗa garukan wuri ɗaya, ka zuba su cikin kilo 2 na abincin a baho ka cuɗa har kalar ta zama ɗaya, ka ƙara kilo 5 ka cuɗa, sannan ka juye kan sauran bisa leda mai faɗi ko tsabtataccen siminti ka juya da shebur ka tara ka baje kamar sau ukku. In abincin naka mai ƙwaya-ƙwaya ne wato felet, garin zai zube ƙasan fida su cinye ƙwayar su bar shi, to sai ka yayyafa man gyaɗa ko man waken suya kaɗan, kamar rabin kofin shayi a buhu, ka cuɗa sannan ka barbaɗa garin ya manne. Wanda aka sa ma mai kada ya wuce kwana ukku ba a cinye ba, da zafin garin nan mai na saurin yin ɗoyi. Kada a jiƙa da ruwa.

Na shida: haɗin ruwan sha

In ka sa tafarnuwa ko citta a abinci ba sai ka sa a ruwa ba, hanya ɗaya ake bi. Ni a wurin tafarnuwa na fi son ta ruwa kuma ɗanya, saboda alisin ba ya samuwa sai an daka ta, kuma ba ya daɗewa yake lalacewa, zafi ma na kashe shi. Ka ɓare, ka daka lukui, ka bar ta kamar minti 10 a turmin ko a kwano kafin ka zuba ruwa. A jarka mai lita 20 ka fara da giram 40 na tafarnuwa da giram 40 na ɗanyar citta, ka jiƙa su a ɗan ruwa kamar lita 1 na awa ɗaya, ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka juye ruwan cikin jarkar. A ba su da safe, zuwa azahar a zubar da ragowar a wanke dirinka a sa farin ruwa. Kwana biyu ko ukku a sati ya isa, ba kullum ba. A haɗa sabo kowace rana.

Akwai masu tara tafarnuwa da citta da barkono da kanunfari da su madi a bokiti su rufe sati biyu ya tsima, su riƙa ɗiba. Ban ba mai farawa shawarar haka ba, don ba ka da hanyar sanin me ya girma a cikin bokitin, kuma duk abu mai zaƙi na barin yauƙi a dirinka inda ƙwayoyin cuta ke zama. In ka sa yatsa cikin dirinka ka ji santsi, ba a wanke ta ba ko da ido ya ga kamar fes take.

Abu mafi muhimmanci a nan, ka lura da shan ruwan su. Buroila na shan ruwa kusan ninki biyu na abincin da ta ci, da bazara kuma ya fi haka nesa. Kaza ba ta zufa, da haki take fidda zafi, kuma a watannin Maris da Afrilu da Mayu da zafin Katsina ke haura digiri 40 ruwa ne kaɗai tsakanin ta da mutuwa. Duk haɗin da ya sa suka rage sha saboda ɗaci ko yaji, a irin wannan lokacin kisa ne. Da tsakar ranar bazara farin ruwa mai sanyi daga randa ko da ɗan ƙanƙara, da bitamin C ko maganin gajiya na kaji, a janye abinci daga wajen ƙarfe 11 zuwa la'asar sakaliya ga manyan, a maido da yamma su ci da dare da fitila. Haɗin tafarnuwa kuma da sassafe kawai ko a bar shi gaba ɗaya har zafin ya sauka.

Maganar bedi da shuwaka da maɗaci

Bedi ya cika mana gari, ko'ina ka juya a bakin titi shi ne, shi ya sa kowa ke son ya zama maganin kaji. Ganyen na da ƙarfi da gaske, amma tazarar da ke tsakanin awon da zai yi amfani da wanda zai hana ci kaɗan ce, 'ya'yan shi da man shi kau kada ma a kusance su. Wanda ya dage sai ya gwada, busasshen garin ganyen kada ya wuce giram 60 a buhu, kuma sai kaji sun wuce sati ukku. Shuwaka ta fi shi sauƙi, an ga tana taimakawa wajen rage ƙarfin ƙwayar da ke kawo kashin jini, ana iya murza ganyen a tace a sa kaɗan yadda ruwan zai yi kore-kore kawai, cikin sati na ukku zuwa na biyar da cutar ta fi kamawa. Ɓawon maɗaci da kakannin mu ke jefawa a kaskon ruwan kaji, wannan na kajin Hausa ne masu yawo, in ruwan ya yi masu ɗaci su sha a wani wuri, buroila da ke kulle ba ta da wannan zaɓin kuma ba wanda zai iya gaya maka awon shi a lita.

Na bakwai: ranar rigakafi

Gumboro da Nukasil ƙwayoyin bairos ne, babu ganye babu saiwa babu ma antibayotik da ke warkar da su in sun shigo. Jadawalin da aka fi bi shi ne Gumboro sau biyu Lasota sau biyu cikin sati huɗun farko, amma ranakun na ɗan bambanta, ka bi na kamfanin da ya ƙyanƙyashe 'yan tsakin ko na likitan dabbobin da kake hulɗa da shi. Ka saya inda ake ajiyewa a firij, ko na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ne ko na waje, ka ɗauko cikin kula da ƙanƙara.

Rigakafin nan ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, abu kaɗan ke kashe ta. Don haka kwana ɗaya kafin, da ranar, da kwana ɗaya bayan rigakafi, ba tafarnuwa ba citta ba shuwaka a ruwa, na cikin abinci ba komi. A wanke dirinka da ruwa zalla ba sabulu ba omo. Ruwan famfo na da kulorin, a yi amfani da na rijiya ko burtsatse, a sa garin madara marar maiƙo kamar giram 2 a lita don ya kare maganin. A janye masu ruwa awa ɗaya zuwa biyu da sassafe, a ba su, su shanye cikin awa biyu, a tabbatar dirinka sun isa kowa ya sa baki.

Na takwas: duba kashi da shimfiɗa kullum

Kashin lafiyayyar buroila na da ɗan tauri da fari a sama, lokaci-lokaci kuma zaka ga mai laushi ruwan ƙasa mai wari, wannan ba cuta ba ne. In bayan ka fara haɗi ka ga zawo ya yawaita, ko ci ya ragu kwana biyu a jere, ka tsayar da haɗin ka koma abinci zalla, in sun dawo daidai ka sake farawa da rabin awo. Shimfiɗa, ko dusar katako ce ko ɓuntun shinkafa, ta zamna a bushe, a kwashe inda ya jiƙe kusa da dirinka, don a laima ƙwayar koksi, mai kawo kashin jini, ke nuna ta kama kaji. Kada a wuce kaji 8 zuwa 10 a murabba'in mita ɗaya in sun girma.

In kau ka ga jini a kashi, kaji sun takure sun saki fiffike, wannan koksi ne ya riga ya kama, a nemi maganin shi irin su amfuroliyam a yau ba gobe ba, shuwaka ba ta tsayar da shi a wannan matakin. Koren kashi da murɗewar wuya da haki, ko farin zawo da rawar jiki a kaji 'yan sati ukku zuwa biyar, ko minshari da kumburin ido, duk na likita ne, ka ɗauki wadda ta mutu sabuwa cikin leda ka kai asibitin dabbobi a buɗe a gani. In mutuwa ta zo da yawa dare ɗaya, kai ya kumbura, tukku da ƙafa sun yi shuɗi-shuɗi, kada ka yanka kada ka kai kasuwa, kada yara su taɓa, ka sanar da jami'an lafiyar dabbobi don yana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a ƙasar nan a jihar Kaduna a 2006 kuma har yanzu tana dawowa.

Kuma dan girman Allah a daina fasa kafso ɗin mutane, su ja da yalo, ana juye ma kaji a ruwa. In likita ya rubuta magani a ba da cikakken awo na cikakkun kwanaki, a duba jikin ledar an rubuta kwana nawa za a jira kafin a yanka, a jira ɗin. Naman nan 'ya'yan mutane ne zasu ci, da namu.

Na tara: satin ƙarshe da lissafi

Kamar kwana 5 zuwa 7 kafin sayarwa ka cire tafarnuwa da bedi da habbatus sauda, don in sun yi yawa ƙamshin na iya bin nama kuma masu gashi da masu abinci na lura. Zogale da kurkum su ci gaba har ƙarshe, su ke sa ƙafa da fata su yi ɗorawa, mai saye kuma na son ganin haka.

Ranar fitarwa ka auna kowane ɓangare gaba ɗaya, ka raba kilon abincin da suka ci da kilon nauyin su. Misali ɓangaren da ba haɗi ya ci buhu 9 wato kilo 225, nauyin su duka kilo 120, ka raba ya ba ka wajen 1.9, ma'ana kowane kilo na kaza ya ci maka kilo 1.9 na abinci. Ɓangaren haɗi ya ci kilo 225 shi ma amma nauyin su kilo 125, ya ba ka 1.8. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Sai ka ɗauki kuɗin wannan ƙarin kilo 5 ɗin, ka cire kuɗin zogale da kurkum da tafarnuwa da niƙa, ka duba kuma wane ɓangare ya fi mutuwa da wanda ya fi cin kuɗin magani. In ka yanka ta gida ka buɗe ɗaya daga kowane ɓangare ka kwatanta, hanta mai kyau ja ce mai duhu sumul ba ɗigo-ɗigo, hanji ba kumburi ba jini, ka duba yawan kitsen ciki ma.

Bambanci kaɗan a zubi ɗaya na iya zama dace, don haka ka maimaita a zubi na gaba, ka musanya gefen ɗakin, wanda ya samu haɗi a gabas yanzu ya koma yamma, don wani gefen ya fi wani iska. Kuma ka canza abu ɗaya kawai a kowane zubi, in zaka gwada habbatus sauda to sauran awon su zamna yadda suke. Tsakanin zubi da zubi a kwashe shimfiɗa duka a kai gona, a wanke ɗaki da fida da dirinka, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar wurin a bushe ba kaza kamar sati biyu, a cikin wannan hutun ne zaka shanya sabon zogale ka niƙa kurkum na zubin da ke tafe.